Gandu a Basawa

Lokacin da Turawa suka kafa gonar gwaji a Samaru a 1922, noman Basawa na gandu ne: maigida da ƙannensa da 'ya'yansa duk gona ɗaya, rumbu ɗaya. Sai an tashi daga aikin gandu kowa ke wucewa gayaunarsa. Kakana a tsakanin kunyoyin dawa yake samun natsuwa, yana huɗa yana salati. Da kaka kuwa, dami ɗaya cikin goma na zakka ne, tun kafin a kai rumbu.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, albashi ya ja samari, gonaki suka zama fulotai. Ban ga laifin albashi ba, ni ma shi nake ci. Sai dai yanzu biki ko jana'iza ke haɗa ni da 'yan'uwana.