INA ASALIN KALMAR "LABARI"?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano, ya aiko yana cewa sun yi gardama a rumfa. Wasu sun ce "labari" Hausa ce tsantsa, wasu kuma sun ce aro ce. Yana so mu raba musu.

To malam, waɗanda suka ce aro ce su ke da gaskiya. Kalmar daga Larabci take. Balarabe yana cewa "khabar", idan suna da yawa kuma ya ce "al-akhbar". Wannan jam'in ne Bahaushe ya ɗauka, ya sassaƙe shi daidai bakinsa, ya zama "labari". Da ya manta cewa jam'i ya aro, sai ya sake yi masa nasa jam'in, ya ce labarai ko labaru. Har aikatau ya ƙera daga ciki, ya ce "na labarta masa".

Amma ka lura da "l" ɗin nan na farko, don a nan zancen yake. Ba na kalmar ba ne, guntun "al" ne na Larabci ya manne. Haka ya faru ga lafiya, lokaci, laifi, liman, littafi, Lahadi da Laraba. Ga kuma wasu da suka riƙe "al" ɗinsu cif, kamar alƙali, alƙalami da albarka. Wani masanin harsuna Ba'amurke, Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano, ya yi rubutu kan wannan a 1947. A ganinsa masu "l" sun fi tsufa, kuma daga Larabcin baka suka fito, irin na mutanen Arewacin Afirka da ke haɗiye "a" ɗin. Ni dai wannan bayani ya kwanta mini, don kalmar ba ta yi kama da wadda aka kwafo daga allo ba. Ta sha hannu. Barebari ma "lawar" suke cewa.

Ka tuna yadda fatauci yake a da. Ayari zai taso daga Tarabulus, ya biyo ta Gadamas da Agadas, ya yi watanni kafin ya sauke kaya a Kano, inda kasuwar Kurmi take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Ba waya, ba rediyo. Wanda ya fito daga nesa shi ne jarida. Idan aka ce masa "Ina labari?" ba gaisuwa kawai ake yi ba. Ana son a ji ko hanya lafiya, ko rijiyoyi sun ƙafe, nawa gishiri yake a can. Jarin mutum, wani lokaci ma ransa, yana rataye da amsar.

Yau kuwa tambayar ta zama gaisuwa, amsarta ɗaya ce tak: "Sai alheri", ko da gobara ka baro a gida. Shi ma alherin daga "al-khair" yake, ka ga ke nan baƙi biyu a gaisuwa guda. Sai an zauna sannan ainihin maganar take fitowa. Daga nan kalmar ta yi rassa. "Muna labari" hira ce kawai a gindin bishiya. "Ba labari" kuwa, wanda ya je karɓar bashi ya dawo hannu rabbana ya san ma'anarta. Akwai "labari ya sha bamban", akwai na ƙanzon kurege. Da boko ya zo sai ta hau takarda: aka buga Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara kawo labarun duniya a 1939.

Wani abin sha'awa, kalmar ta sake shigowa ta ƙofar malamai, da kamanninta na asali. Ɗaliban nahawu sun san mubtada'i da habari. Malaman balaga kuma suka ce habari shi ne maganar da za ta iya zama gaskiya, za ta iya zama ƙarya. Ɗan kasuwar da ya taɓa ɓoye masara don ya ji "labari" cewa za ta yi tsada, ta zo ta faɗi, ba sai an yi masa fassarar wannan ba.

Kuma ba mu kaɗai muka ara ba. In ka je Kenya ko Tanzaniya "Habari?" za a ce maka, a Indonesiya kuma "Apa kabar?", duk tambayar guda ce da taka.