Tallafin Farfaɗowa Bayan Korona da Makaɗan Unguwa: Nazari a kan Unguwar Boro, Kaduna

Tsakure

Maƙalar ta duba tallafin da gwamnatin tarayya ta ɓullo da shi a 2020 don farfaɗo da sana'o'i bayan annobar korona, ta auna sharuɗɗansa da yadda makaɗa da mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo ke neman abinci a Unguwar Boro ta ƙaramar hukumar Chikun. An gano cewa sharuɗɗan shiga ne suka tace su tun daga bakin ƙofa, kafin a zo maganar yawan kuɗin ko amanar masu rabo.

Gabatarwa

A ƙarshen Maris 2020 gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar kulle, kuma a ranar 28 ga watan Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sanar cewa shi ma ya kamu da cutar. Ba a sassauta dokar sosai ba sai a watan Yuni. Ista da ƙaramar Salla duk a cikin kulle aka yi su, ba taron coci, ba masallaci, ba biki. Unguwar Boro, da ke maƙwabtaka da Sabon Tasha a kudancin kogin Kaduna, ta cika ta batse ne bayan rikicin 2000 da na 2002, lokacin da mazauna birnin suka ja daga bisa addini. Ƙabilu da dama ne ke zaune a cikinta, Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da majami'a. Mai fasaha a nan da taro yake rayuwa, saboda haka hana taro daidai yake da rufe masa shago.

Waiwaye

Bayanan da ake yi kan wannan batu sun kasu biyu. Ɓangaren hukuma yana lissafa abin da aka ware: rancen naira biliyan 50 na Babban Bankin Nijeriya ta hannun bankin NIRSAL, da shirin naira tiriliyan 2.3 na kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, wanda a cikinsa aka keɓe biliyan 75 don ceto ƙananan sana'o'i, da kwamitin da Lai Mohammed, minista a lokacin, ya kafa kan masana'antar fasaha a ƙarƙashin ɗan wasan barkwanci Ali Baba. Wannan lissafin kasafi ne kawai, bai faɗi hannun da kuɗin ya shiga ba.

Da ɓangare na biyu nake da ja, domin shi ne ya fi karɓuwa a jaridu da zaurukan jami'a. Masu wannan ra'ayi suna ɗora laifin kan abu biyu: kuɗin ya yi kaɗan, kuma an karkatar da shi. Sukan kawo misalin Birtaniya da ta ware fam biliyan 1.57 don al'adu a Yulin 2020, da Jamus da ta fara da yuro biliyan 1. Kwatancen bai zauna ba. A waɗannan ƙasashe mawaƙi yana cikin rajistar haraji, gidan wasa yana da littafin albashi, hukuma ta san adireshin kowa tun kafin annoba. Ko Afirka ta Kudu, da ta ware rand miliyan 150 ga masu fasaha da 'yan wasanni, ta sha koke daga waɗanda aka ƙi don rashin takardar kwangila. Bayanin cin hanci yana da daɗin faɗa, amma ya ɗauka cewa makaɗin Unguwar Boro yana cikin layi ne aka tsallake shi. Tambayar da aka bari ita ce ko an taɓa ba shi damar shiga layin.

Hanyar Bincike

An karanta ƙa'idojin shirye-shiryen kamar yadda hukumomi suka wallafa su, aka gwada kowane sharaɗi da tsarin aikin masu fasaha a unguwar bisa lura da bukukuwa da hidimomin majami'u.

Sakamako

Abu na farko a taƙaice: mafi yawan abin da ake kira tallafi bashi ne. Shirin Babban Banki na masana'antar fasaha, wanda aka fara tun 2019 a kan ruwa kashi 9 cikin ɗari, rance ne da ya nufi kamfanonin fim da waƙa da ɗinki da manhaja. Wanda bai san ranar da za a sake yin biki ba ba zai ci bashi da sunan kiɗa ba.

Abu na biyu shi ne zuciyar wannan maƙala. Asusun ceto na biliyan 75 kyauta ce ta gaske, amma manyan ƙofofinsa biyu ne. Ta farko ita ce biyan albashin ma'aikata na wata uku, daga naira 30,000 zuwa 50,000, ga kamfanin da ke da rajista da hukumar CAC da jerin ma'aikata masu lambar BVN. Ta biyu ita ce naira 30,000 sau ɗaya ga masu sana'ar hannu da direbobi, ta hannun ƙungiyoyinsu.

A dubi yadda ake kiɗan biki a unguwar. Ranar Asabar ana kafa rumfa a filin makaranta ko harabar coci, a tayar da janareta. Mai jita da mai ganga da mai madannin kiɗa ba ma'aikatan kowa ba ne. Mai lasifika ne ya kira su a waya ranar Alhamis. An ba da kafin alƙalami da baki, ba rasit. Babban kuɗin yana zuwa ne ta liƙi: yaro yana tsugune yana tsince takardun ɗari biyu da ɗari biyar daga ƙasa yana zubawa a kwali, bayan an tashi a koma bayan rumfa a ƙirga, a cire na mai da na hayar kaya, a raba saura. Washegari Lahadi waɗannan mutane su ne ke kiɗa a majami'a, a sallame su da kuɗin mota. Babu wani mataki a wannan tsari da ke barin takarda. Wane littafin albashi za su nuna?

Ƙofa ta biyu ta fi kusa da su, sai dai ta ƙungiya ake shiga. Teloli da masu aski da kanikawa suna da ƙungiyoyi masu shugaba da katin shaida da kuɗin wata. Makaɗan unguwa ba su da irin wannan. Ƙungiyoyin mawaƙa na ƙasa sun fi sanin masu faifai da suna. Abin da tsarin ya haifar a lokacin shi ne, mai ganga da ke ɗinki a ranakun mako yana da hanyar samun naira 30,000 a matsayin tela, amma wanda ya ba kiɗa dukan rayuwarsa, wato wanda kullen ya fi durƙusarwa, ba shi da kafa. Mata sun fi shiga wannan rami: masu horar da mawaƙan zumuntar mata, masu kwalliyar amare, masu rawar gargajiya ta Gbagyi da Bajju da Atyap da ake gayyata biki.

Abin takaici, rajistar da hukuma ta rasa tana nan a unguwar. Sakataren kowace majami'a ya san makaɗansa da sunansu. Ƙungiyoyin ci gaban ƙabilu sun san masu rawarsu, uwar adashi ta san abin da kowa ke iya zubawa a mako, mai unguwa ya san gidan kowa. Ƙa'idojin da aka wallafa ba su amince da shaidar ko ɗaya daga cikinsu ba. Gibin kuma ya girmi annobar: tun 1991 aka yi dokar kafa asusun tallafa wa fasaha na ƙasa, ba a taɓa tsayar da shi da ƙafafunsa ba. Da yana aiki, da an shiga 2020 da sunaye a hannu.

Iyakokin Bincike

Za a ce unguwa ɗaya ba ta isa a yanke hukunci a kan jiha ba, kuma nazarin ƙa'idoji ba ƙidayar waɗanda suka amfana ba ne. Haka ne. Shirin NG-CARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2020 ma ba a shigo da shi ba, domin ta hannun jihohi ya bi, yana buƙatar nazarinsa daban. Sai dai sharuɗɗan da aka tattauna na ƙasa ne baki ɗaya, kuma marokin Fagge a Kano da mai kalangun Tudun Wada a Zariya su ma da liƙi ake biyansu. Mai son rushe wannan sakamako sai ya kawo jerin waɗanda aka biya a ƙaramar hukumar Chikun, da sana'ar da kowa ya rubuta a gaban sunansa.