Daga Budha zuwa Budasaf: Tafiyar Wata Hikaya

Ɗalibin da ya buɗe Kalila wa Dimna a wani zaure na Ƙofar Marke zai tarar da misalin mutumin da ya guje wa giwa ya rataya a cikin rijiya. Yana riƙe da rassa biyu, ɓeraye biyu, fari da baƙi, suna gaigayarsu, dodo ya wangame baki a ƙasa, shi kuwa ya shagala da lasar zuma. Ɓerayen su ne rana da dare, zumar kuma duniya. Ibnul Muƙaffa ne ya fassara littafin daga tsohon Farisanci wajen 750 Miladiyya, amma asalin misalin daga Indiya yake.

Wannan misali yana cikin wani littafin kuma, Bilauhar wa Budasaf, wanda Ibnun Nadim ya ambata a Fihrist. Labari ne na ɗan sarkin Indiya da mahaifinsa ya killace a fada don kada ya san cuta ko tsufa ko mutuwa. Da ya fita ya gan su, sai hankalinsa ya tashi, har wani zahidi daga Sarandib, Bilauhar, ya zo masa da shigar fatake ya karantar da shi ta hanyar misalai, ya bar sarauta. Tarihin Budha ke nan, kuma Budasaf daga kalmar Bodisatba ta Sanskirit ya samo asali. Ibnu Babawaihi (ya rasu 381 Hijiriyya) ya kawo wata riwayarsa a Kamalud Din.

Sai dai hikayar zuhudun kawai ta ɗauko. Nirbana, wato mutuwar wutar sha'awa wadda ke yanke sake haihuwa, ba ta tsallako da ma'anarta ba, aka kuma sanya wa ɗan sarkin imani da Mahalicci da Annabawa, abin da koyarwar Budha ba ta ginu a kansa ba. Mai karatu zai amfana da wa'azin, amma idan ya ɗauka ya san aƙidar mutanen daga nan, ya yi kuskure. Shahrastani (ya rasu 548) ya fi kusantar ta a Almilal wan Nihal, inda ya kawo sunan Shakamin.

Masu kwafi ma sun yi nasu aikin. Ɗigo ɗaya da aka ƙara ƙarƙashin harafin ba ya mayar da Budasaf Yudasaf. Daga Larabci labarin ya shiga harshen Jojiya, sannan Girkanci, inda ya zama Barlam da Yosafat, har cocin Roma ta ware musu ranar 27 ga Nuwamba a matsayin waliyyan Kirista. Sai a 1859 da 1860 masu bincike a Turai suka tabbatar da ko wane ne ɗan sarkin.