Babbaƙu Kafin Farfaru: Tarihin Satifiket ɗin Kwamfuta da Darasinsa ga Matasan Kudancin Kano



Duk wanda ya yi makarantar allo a Bebeji ko Kiru ya san ba a fara karatu da sauka. Babbaƙu tukuna, sannan farfaru. Wannan tsarin nake tunawa idan wani ƙanenmu ya tambaya: cikin satifiket ɗin kwamfuta, da wanne zan fara? Tarihin takardun kansa ya ba da amsa.

A 1993 ƙungiyar CompTIA ta Amurka ta fito da A+, jarrabawar da ke gwada ko mutum ya san cikin kwamfuta, ya iya kwance ta, ya gano matsalarta. Da haɗa kwamfutoci da juna ya zama ruwan dare a ofisoshi, kamfanin Cisco ya kawo CCNA a 1998, CompTIA ta biyo da Network+ a 1999. Sai a 2002, da masu kutse suka addabi jama'a, Security+ ta fito. Na'ura, sai haɗi, sai tsaro. Ai ba a gadin gidan da ba a san ƙofofinsa ba.

A nan gida, wayar salula ta shigo a 2001, shekarar da aka kafa hukumar NITDA. A 2004 hukumar sadarwa ta NCC ta kafa Digital Bridge Institute, wadda ke da reshe a Kano. Amma abin da ya tilasta wa ɗan karkara zama gaban kwamfuta shi ne JAMB: ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole a 2015. Daga nan ɗalibin Doguwa ko Tudun Wada ba shi da mafita sai ya koya. Cibiyoyin jarrabawar kuma suka buƙaci mai gyaran na'ura da mai haɗa wayoyi, matakai biyu na farko ke nan.

Yanzu tsaron intanet ake yayi, kowa can yake son dira. Sai dai da dala ake ƙayyade kuɗin waɗannan jarrabawowi, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 nauyin ya ƙaru. Matashin da aka sayar da buhunan masara don a biya masa, idan ya tsallake tushe ya faɗi, ba shi kaɗai ya yi asara ba, har da gidansu.

Akwai wani darasin. A+ da Network+ da Security+ da CCNA duk shekara 3 suke yi sai an sabunta su. Microsoft ma ya yi wa MCSE ritaya a Janairun 2021, takardar da a da ake tinƙaho da ita. Takarda takan mutu, amma hannun da ya iya aiki yana nan.

Don haka, ƙanena, fara da na'ura, ko da a shagon mai gyara ne kana yaron gida. Sannan haɗi, sannan tsaro. Kada ka biya kuɗin jarrabawa sai ka yi aikin da hannunka. Da rarrafe yaro kan tashi.

Mu kuma masu alƙalami, wanda ya tuna shagon kwamfuta na farko a garinsu, ya rubuta mana labarinsa. Shi ma tarihi ne.