Yadda Aka Samo Maganin Sankarar Ƙashi

A da, in sankara ta kama ƙashin yaro, likitoci ba su da wata dabara sai yanke ƙafar ko hannun. Duk da haka wajen takwas cikin goma sukan mutu, don kafin a yanke cutar ta riga ta bi jini ta ɓuya a huhu.

Cikin 1972 wani likita a birnin Boston na Amurka, wai shi Norman Jaffe, ya bayyana wata dabara. Yakan ɗura wa yaran da cutar ta kai huhunsu magani mai ƙarfi, metotireksat, ta jijiya, sa'an nan ya bi shi da makari don kada ya halaka su. Sai ga ƙarin waɗansu ya motse. Daga nan aka shiga haɗa magani da fiɗa tun cutar ba ta bayyana a huhu ba. Likitoci suka yi ta gardama, har sakamakon wani gwaji ya tabbatar da amfaninsa cikin 1986.

Yau, in ba ta bazu ba, shida ko bakwai cikin goma sukan rayu. In kuwa ta bazu, da ƙyar uku ke tsira. Saboda haka kumburi mai ciwo kusa da gwiwar yaro ba abin jinkiri ba ne, sai asibiti.