Daga Idon Mai Unguwa zuwa Idon Na'ura

A zamanin kakanninmu, baƙon da ya sauka a Birnin Kudu ko Gwaram mutum yake fara nema kafin ɗaki. Farken da ya iso da jakunansa yana da fatoma, wanda zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa idan ciniki ya kai ga bashi. In zaman zai yi tsawo, sai a kai shi gaban mai unguwa, shi kuma ya shaida wa dagaci, magana ta isa ga hakimi. Hausawa sun tafi da wannan tsari duk inda fatauci ya kai su. Shi ne mai bincike Abner Cohen ya tarar a unguwar Sabo ta Ibadan wajen masu cinikin goro da shanu, har ya rubuta littafi a kai a 1969.

Abin da ya fi burge mu a tsarin shi ne, duk wanda ya san baƙo ya ɗauki nauyinsa. In baƙon ya yi ɓarna, mai masauki za a kira, in kuwa an zalunce shi, mai masaukin ne zai shige masa gaba. Sanin ma yana da iyaka. Maigida na ganin wanda ya shigo zaure, amma ko shi ba ya faɗawa ɗakin baƙonsa babu sallama.

Aikin albashi ne ya fara sauya lamarin. Kwalejin gwamnati da asibiti sun jawo malamai da ma'aikatan jinya daga nesa, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙaro wasu. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, daga baya kuma asibitin Birnin Kudu ya zama na tarayya, ga ɗaliban makarantar koyon jinya, sai ɗaki ya zama haja. Dillali ya maye gurbin fatoma, rasit ya maye gurbin shaidar baki. Mai gidan ma wataƙila yana Dutse ko Kano, ba ya ganin ɗan hayarsa sai ƙarshen shekara.

Sai kuma tsaro ya taɓarɓare a Arewa bayan 2009, aka shiga jan kunnen masu gidaje kada su ba da haya ga wanda ba su sani ba. Tsoron na gaskiya ne, babu mai musunsa. A daidai wannan lokaci ne gwamnati ta saba mana da miƙa yatsu da fuska: BVN a 2014, haɗa layin waya da lambar NIN daga Disambar 2020, sannan na'urar BVAS a zaɓen 2023, wadda ta duba fuskokin masu jefa ƙuri'a a garuruwanmu, daga Sara har Basirka. Kyamarar tsaro ta yi araha, ga sola, ga shi wasu na zuwa da manhajar gane fuska a cikinsu. Tsakanin shagon da ya maƙala ta yau da ƙofar gidan haya, tazarar ba ta da yawa.

Waɗanda suka riga mu shiga sun ga abin da ke ciki. A 2018, kamfanin da ke kula da rukunin gidajen Atlantic Plaza Towers a Brooklyn ta Amurka ya nemi mayar da fuska mabuɗin shiga. Mazauna wurin, mafi yawansu baƙar fata, suka ƙi, suka kai ƙorafi hukumar gidaje ta jiha, kamfanin ya janye a 2019. Mazaunan sun ce na'urar za ta riƙa rubuta fitarsu da shigarsu da duk mai ziyartarsu, ta zama makamin korar wanda ba a so. Ga kuma kuskure: binciken Joy Buolamwini na 2018 ya nuna wasu manhajoji na kasa tantance jinsin mata baƙar fata har kusan kashi 35 cikin ɗari, alhali kuskurensu kan fararen maza bai kai kashi 1 ba. A 2021 birnin New York ya yi dokar da ta hana mai gida ɗaukar irin waɗannan bayanai sai da yardar ɗan haya.

Mu ma ba hannu rabbana muke ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa. Dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta saka bayanan halittar jiki cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Sai dai ba don gidan haya aka tsara ta ba. Ɗalibar da ta zo daga Fagam neman ɗaki, in aka ce ta buɗe fuska ga kyamara ko ta ƙara gaba, amincewarta ta dole ce, ƙawayen da za su riƙa kawo mata ziyara kuwa babu ma mai tambayarsu. Majalisar dokoki a Dutse na da hurumin dokar haya. Za ta iya wajabta wa mai gida ba da mabuɗi ko kati ga wanda ya ƙi na'ura, ta hana shi miƙa hotunan ga kowa sai da umarnin kotu, ta kuma sa a goge su ranar da ɗan haya ya kwashe kayansa.