Madatsar Ruwa ta Tiga da Bukatar Adana Tarihinta

Kogin Kano ya gangaro daga duwatsun kudu, ya ratsa dajin Falgore, kafin ya iso Tiga ta ƙasar Bebeji. A nan ne gwamnatin Audu Baƙo ta datse shi tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasar Hausa. Tsawon madatsar ya kai kilomita 6, tafkin da ta tara kuwa ya mamaye murabba'in kilomita kusan 178.

Maƙasudin aikin tun farko shi ne noman rani da ruwan sha. Daga tafkin ne aka ja ruwa zuwa gonakin Kadawa da Kura, inda alkama da shinkafa da tumatir suka samu gindin zama. Daga baya kula da madatsar ta koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Batun lantarki sai a zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, aka ɗauko shi gadan-gadan, da tasha mai ƙarfin megawat 10.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Ruwan ya haɗiye gonaki da ƙauyuka da maƙabartu, aka tashi mutanensu zuwa sababbin matsugunai. Can ƙasa kuma, ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita ta ragu, masunta da makiyaya suka ji a jikinsu. Hatta harshe ya sauya: injin ban ruwa ya ture jigo, kalmomin da suka danganci jigon suna bin sa.

Wannan tarihi yawancinsa yana bakin dattawan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda suka yi leburanci a aikin ko aka tashe su dominsa. Ƙaramin yaro a 1974 ya haura hamsin yanzu. Saboda haka ya kyautu al'ummar yankin su kafa gidan tarihi nasu, a tara taswirori da hotuna da kayan aiki, a naɗi muryoyin dattawa, a rubuta sunayen garuruwan da suka nutse. Gidan Makama ya adana tarihin birni da sarauta. Na manomi da lebura kuwa, in masu shi ba su tattara ba, zai bi ruwa.